Abba, kafin ka fitar da mota daga garejin nan

Assalamu alaikum Abba. Da fatan kana lafiya kai da iyali, ya yaran, ya aiki. Mu nan Yawuri lafiya lau sai godiyar Allah. Na ga hotunan da ka turo ta WhatsApp da zanen jirgin ruwan da kake so ka haɗa a gareji, ƙanwarka ta buɗe min su a babbar waya na duba da kyau, kuma wallahi na ji daɗi, don ban zaci a cikinku akwai wanda hannunsa zai koma kan katako ba bayan duk kun tafi boko. To amma maganar da ka yi cewa ranar Asabar za ka shiga kasuwa ka kwaso filawud, ita ce ta sa na zauna rubuta maka wannan. Kada ka sayi ko falle ɗaya tukuna. Ɗakin za ka fara gyarawa, sai ya shirya tsaf sannan katako ya shigo.

Ɗauki tef ka fara da awo. Ka ce garejin ƙafa 20 ne a tsawo, 10 a faɗi, jirgin kuma ƙafa 14 da faɗin 4. A takarda kamar wuri ya wadata, amma in ka ajiye shi a tsakiya ƙafa 3 kacal ya rage maka dama da hagu, kuma a cikin ukun nan za ka durƙusa, ka ja zarto, ka juya da bokiti a hannu. In ka jingina bencin aiki mai faɗin ƙafa 2 a doguwar katanga to ka toshe gefe guda kenan, don haka benci ya tafi ƙuryar ciki, kayan aiki kuma su hau bango a ƙusa, komai da mazauninsa. Sannan ka tuna falle ƙafa 8 ne da 4, jirginka ya fi shi tsawo, dole ka haɗa biyu baki da baki, wato kana buƙatar fili miƙaƙƙe na kusan ƙafa 16 ranar da za ka yi wannan haɗin. Ka auna ƙofar garejin, ka auna get, ka duba kwanar da ke tsakaninsu, ka samo gora mai tsawon jirgin ku ɗauka kai da wani ku fita da ita har titi a kwance. In gorar ta maƙale a kwana jirgin ma zai maƙale, gara ka sani yau.

Daɓen gareji kuma yawanci birkila da gangan yake ɗan karkatar da shi wajen ƙofa saboda ruwa ya fita, ido ba ya gani amma jirgi zai gani. In ka ɗora aikinka kai tsaye a kan simintin nan zai fito a murɗe, kuma murɗaɗɗen jirgi har abada gefe guda yake ja, babu fentin da zai gyara shi. Ka haɗa gadon da jirgin zai zauna a kai da katako masu kauri, ka daidaita shi da lebur, abin awon daidaito na magina, tsaye da kwance, ka cusa 'yan guntaye a ƙarƙashin ƙafafun da suka gaza, ka zana wurin kowace ƙafa a ƙasa da fenti yadda ko yaro ya ture shi za ka mayar daidai. Ka ja zare daga goshi zuwa baya a tsakiya, wannan zaren shi ne alƙalinka har a gama. Ka hau ka duba kwano da silin tun kafin damina, ka leƙa gindin bango ko akwai hanyar gara, in akwai a yi feshi yanzu da ɗakin yake fanko.

Yanzu ga wacce ta fi damuna, iska. Mu a bakin ruwa muke aiki, ƙarƙashin rumfa, katakon maɗaci da na kawo da ƙusa, ƙurar ta tashi iska ta kwashe. Kai kuwa cikin ɗaki za ka shiga da efokzi, gam ɗin nan da ake kwaɓawa, da zaren gilas ɗin nan na faiba da fenti, kuma na ga a hoton akwai ƙofa daga garejin zuwa kicin. Wannan ƙofar ka rufe ta, ka liƙe ƙasanta, a daina bi ta nan har aikin ya ƙare, jikokina ba za su shaƙi ƙurar faiba ba. A fasa taga a bangon baya a sa fanka mai zuƙo iska waje, babbar ƙofa kuma a buɗe take duk lokacin da kake shafa ko goga sanfefa. Ka sayi takunkumi na gaske mai matata, ba na asibiti ba, da safar hannu da gilashin ido. Efokzi in ya yi ta taɓa fata, wata rana jiki sai ya ƙi shi, ƙaiƙayi da kumburi, kuma in ya kai haka yawanci an rabu kenan, ko kusa da shi ka zo sai ya tashi. Janareta kuwa Abba, don Allah don Annabi, ko ruwan sama ake kamar da bakin ƙwarya kada ka tayar da shi a cikin garejin nan, hayaƙinsa akwai guba marar wari a ciki, kai ma kana jin labarin gidajen da aka wayi gari an kwashe gawarsu gaba ɗaya. A yi masa rumfarsa can nesa da taga a jawo waya. Ka kira mai wayarin ya ƙara maka soket a bango biyu da fitilu a gefe, don ƙwai ɗaya na tsakiyar silin inuwarka kawai zai jefa maka a kan layin da kake yankawa. Tukunyar kashe gobara da bokitin yashi su zauna bakin ƙofa, fetur da tina ta sirka fenti su bar ɗakin, tsumman da ya sha mai kada ka dunƙule shi a kwana, yana iya kamawa da kansa, ka shanya shi a waje.

Zafin Kaduna na Maris da Afrilu ma ka sa shi a lissafi. Efokzi in ka kwaɓa da yawa a kofi cikin zafi, kafin ka ankara ya ɗau zafi da kansa, ya fara hayaƙi, ya daskare har robar ta lanƙwashe a hannunka. Kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa, a faranti mai faɗi, da awon da masu shi suka rubuta ba ƙari ba ragi, kuma bayan asuba ya fi. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, ka yayyafa ruwa a ƙasa kafin fenti.

In ɗaki ya kammala sai maganar filawud. Na ruwa ake nema, wanda ake buga wa hatimin BS 1088, amma hatimi kowa na iya bugawa, don haka ka sayi falle ɗaya ka yanki guntu ka jefa a tukunya ya tafasa sosai, ka shanya, ka sake tafasawa. In ya ɓare falle-falle to na silin ne, ka bar musu kayansu. Namu na katako in ya sha ruwa kumbura yake ya toshe kansa, filawud ba ya haka, inda ka bar kafa nan ruwa zai shiga ya ruɓar da shi daga ciki.

Ina matsa maka ne saboda na san wa zai hau jirgin nan. Ka tuna Mayun 2021 da jirgi ya tarwatse wajen Wara a Ngaski, mutane masu ɗimbin yawa suka tafi, har yau akwai gidajen da ba su farfaɗo ba. Tun da aka tare ruwa a Kainji a 1968 kututture ke kwance a ƙarƙashi, don haka ka yi hattara har a dam ɗin Kangimi da kake cewa za ka kai shi. Rigar ruwa mai hana nutsewa ta kowa da kowa ka saye ta tun yanzu cikin kuɗin aikin, ka kuma tambayi ofishin NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, abin da ake buƙata na rajista.

Ka zauna da maiɗakinka ku yi maganar sosai, motar da take kai yara makaranta ce za ta koma rana wata da watanni, a yi mata rumfa. Ka sanar da mai gidan kafin a fasa bango, ka gaya wa maƙwabta, injin kuma ya yi shiru lokacin sallah da bayan isha'i. Kwaɗo a ƙofar, mabuɗi a aljihunka.

In ka gama gadon ka turo min hoto da lebur a kai in gani. Gizagona da kurfi biyu suna nan na wasa su, zan ba direban da ke zuwa Kaduna ya kawo maka. Innarku tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yara. Allah ya yi maka albarka, ya tsare.

Mahaifinka.