Tambarin gidan Kirafod a bangon littattafan Larabci

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa, na karanta sharhin da kuka buga kan James Lindsay, Basaraken Kirafod (Earl of Crawford) na 26, wanda ya wakilci garin Wigan a majalisar dokokin Ingila daga 1874 zuwa 1880. Marubucin ya yi ƙoƙari, sai dai ya ɗauki 'yar takardar nan da ake mannawa a cikin bangon littafi, mai ɗauke da tambarin gidansu da sunan Bibliotheca Lindesiana, wato tarin littattafan gidan, a matsayin shaidar zurfin ilimin mutumin. A nan muka rabu.

Takardar tana nuna littafin ya taɓa zama a gidansu na Haigh Hall, shi ke nan. Ba ta nuna wanda ya karanta shi ba. Hasali ma mahaifinsa, Alexander Lindsay, shi ne ya kafa tubalin tarin, kuma da yawa daga littattafan Larabci da Farisanci sarinsu ya yi: na Nathaniel Bland a 1866, sai na Kanar George Hamilton, wanda ya tara nasa a Indiya, a 1868. Kafin nan waɗannan littattafai suna da masu su. Duk wanda ya saba da rubutun hannu na Musulmi, har da namu na zaure, ya san yadda marubuci kan sa sunansa a ƙarshe, mai littafi kuma ya rubuta nasa ko ya danna hatimi a shafin farko, wani ya zo daga baya ya ƙara nasa a gefe. Sharhinku bai ce uffan kan waɗannan mutane ba.

Ba ina rage wa basaraken daraja ba ne. Mutum ne mai son ilimin taurari, kuma gidansu ya adana abin da ƙila da gara ta cinye. A 1901 ya sayar wa Enriqueta Rylands rubuce-rubucen hannun kan fam 155,000, shi ya sa suke ɗakin karatu na John Rylands da ta kafa a Mancesta. Wani masani, Alphonse Mingana, ya fitar da kundin bayanin na Larabcin a 1934.

Roƙona, idan za ku sake waiwayar batun, ku sa wakilinku ya duba wannan kundi, ya kawo mana sunayen marubuta da masu kwafar da ke ciki.

Naku,
Mai karatu daga Zariya