A riƙa neman tarin fuka a jikin masu wankin ƙoda ko ba su yi tari ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku don in faɗi abin da na gani da idona, ko wani mai jinya ya amfana.

Shekara biyu ke nan ina ɗauko yayana daga Mirya zuwa Damagaram wankin ƙoda, sau biyu a mako, kowane zuwa awa huɗu yana kwance jikin na'ura. Bara bayan Sallar Layya sai ya fara wani zazzaɓi mai laɓe-laɓe, da la'asar ya taso, da dare gumi ya jiƙa masa riga har sai an sauya zanin gado. Aka ce sauro ne, ya sha magani. Aka koma aka ce bututun da ke wuyansa ne ƙwayoyin cuta suka kama, ya sha allurai. Da ya daina cin tuwo kuma aka ce ai mai ciwon ƙoda dama haka yake, ba ya marmarin komai.

Sikeli ma ya yaudare mu. Duk zuwa ana auna shi, kilo bai ragu ba, ashe naman jiki ne ke tafiya ruwa yana cike gurbinsa. Matarsa ce ta fara lura, ranar da ta ga ya ƙara huda sabon rami a igiyar agogonsa.

Wata huɗu muna wannan zagaye, sai kaluluwa ta fito masa a gefen wuya. Wani likita, Allah ya saka masa da alheri, ya sa allura ya zuƙo ruwan cikinta, aka kai GeneXpert, na'urar da ke gano ƙwayar tarin fuka. A ranar sakamako ya fito: tarin fuka. Yaya ya dubi likita ya ce, "Ni da ko sau ɗaya ban yi tari ba?"

To nan ne matsalar take. Sunan ciwon da kansa ya sa mun zaci sai a huhu yake zama. Ga mai wankin ƙoda kuwa, garkuwar jiki ta yi rauni, haɗarin kamuwarsa ya ninka na mai lafiya sau da yawa, kuma ƙwayar kan tafi ta ɓuya a kaluluwa, ko cikin ciki, ko rufin huhu, ko ƙashin baya. Idan can take, gwajin majina ba zai nuna komai ba, balle shi yaya ko majinar ba ya iya fitarwa. Gwajin fata da ake yi a hannu shi ma yakan fito babu alhali akwai, don jikin ba shi da ƙarfin da zai kumbura ya nuna. Ruwan da ya taru a ƙirji kuma, da an gan shi a hoto sai a ce na ƙoda ne, a ƙara janye ruwan da na'urar wanki.

Ban zo zargin kowa ba, ma'aikatan nan na ga irin wahalar da suke sha da ƙarancin hannu. Roƙona ga hukumomin lafiya shi ne duk wanda zai fara wankin ƙoda a yi masa hoton ƙirji, a tambaye shi ko ya taɓa zama da mai tarin fuka. Zazzaɓin da ya haura mako biyu ya ƙi jin magani, a nemi wannan ciwo a duk inda yake iya ɓuya. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da GeneXpert, cikin awa biyu take ba da amsa, har ta faɗa ko ƙwayar ta bijire wa rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka. Magani kuma kyauta ne a ƙasar nan. Sannan a tuna gadajen ɗakin wanki kusa da juna suke, tagogi a rufe saboda na'urar sanyi. Wanda nasa ke cikin huhu ya kamata a sa masa takunkumi, a ware masa lokacinsa.

Yanzu yaya yana wata na biyar cikin shida na magani. A watanni biyun farko, biyu daga cikin ƙwayoyi huɗun, ethambutol da pyrazinamide, sai da aka rage masa yawan shansu, kuma ranar wanki sai an sauke shi daga na'ura yake sha, don kada ta wanke su tare da dattin jini. An duba idonsa sau biyu saboda ethambutol kan taɓa gani. Jiya ya cinye kwanon tuwo da miyar kuka har ya nemi ƙari.

Malam Edita, 24 ga Maris ce ranar yaƙi da tarin fuka ta duniya. Don Allah kafin ranar ku tura wakilinku ya zanta da likitan ƙoda, a buga hirar da Hausa.

Naku,
Wani mai jinya daga Mirya, jihar Damagaram