A duba benen ajiyar da ke saman kawunan ma'aikatan injinan shinkafa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun kakar bara.

Ni mutumin ƙaramar hukumar Kura ne. Aikin gini na karanta, shi na koyar a makarantar koyon sana'a har na ajiye aiki. Tun da ruwan Tiga ya fara ratsa gonakin Kadawa, shinkafa ta zama abincinmu kuma sana'armu. Daga Kura zuwa Bunkure da Garun Malam, kai har Haɗeja da Auyo, injinan casa sun cika ko'ina, samari sun samu abin yi, alhamdu lillahi. Sai dai kaya sun fi wurin ajiya yawa. Mai inji ya ɗaga kai ya ga sarari tsakanin injinsa da kwanon rufi, sai ya ga kamar asara yake yi. Nan da nan a kira mai walda, a fasa bango a cusa ƙarafa, a shimfiɗa falanki, a jingina tsani. Shi ke nan an yi bene, a fara loda buhuna.

Ɗan ƙanena yana dako a irin wannan wuri. Wata rana na je kai masa saƙo, na tarar da su zaune a ƙarƙashin benen suna cin abinci, don nan ne inuwa ta fi sanyi. Ina ɗaga ido gabana ya faɗi. Ƙarfen tsakiya ya lanƙwasa kamar baka. Inda bakinsa ya zauna a bango, bulo mai inci shida ne, ya tsage har garinsa na zubowa kaɗan-kaɗan duk lokacin da inji ya girgiza. Tururin tukunyar turara shinkafa kuwa ya sa waldar ta yi tsatsa jawur. Na samu mai wurin na ce, "Alhaji, don Allah a rage kayan nan yau, a kafa ginshiƙi a tsakiya." Ya karɓe ni da mutunci, amma abin da ya ce shi ne, "Malam, shekara uku ke nan yana ɗauka, bai taɓa ko motsi ba." Ba a yi wata guda ba bakin ƙarfen ya zame. Allah Ya kiyaye, lokacin an fita sallar la'asar, yaron nan ne kaɗai ya koma ɗauko takalminsa. Buhu biyu suka danne masa ƙafa. Wata huɗu yana kwance, har yau yana ɗingishi. Da na je duba shi, cewa ya yi, "Baffa, ai mun daɗe muna jin abin yana ƙara, amma wa zai faɗa?"

Ba mugunta ba ce ta sa Alhajin ya ƙi ji. Bai san lissafin ba ne, kuma babu wanda ya taɓa yi masa shi. Buhun shanshera cikakke yana kai kilo 100. In an kwantar da shi, biyu ne za su cika murabba'in mita guda. A jera hawa biyar, tan guda ke nan a wurin da bai kai faɗin tabarma ba, kuma na sha ganin hawa takwas. To, ƙa'idar gini da ake bi a Amurka ta ce ɗaɓen da aka yi don ajiyar kaya marasa nauyi sai ya iya ɗaukar wajen kilo 600 a kowane murabba'in mita, na manyan kaya kuma ninkin haka. Ta ce irin wannan bene kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na faɗin ɗakin, a bar tsayin ƙafa 7 a ƙasansa da samansa, a kewaye bakinsa da shingen da ya kai inci 42 don kada mutum ya rufto. A nan kuwa ɗan dako ne da kilo 100 a ka yake hawa tsanin katako, babu abin dafawa, ga ƙurar ɓuntu ta sa wurin santsi.

Mu ma ba a rasa doka ba. Akwai kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar a 2006. Akwai Dokar Masana'antu ta 1987, wadda ta wajabta cewa ɗaɓe da matakala su kasance masu ƙwari, a riƙa kula da su, a kuma shinge duk wata kafa da mutum zai iya faɗawa. Akwai COREN, hukumar da ke rajistar injiniyoyi. Amma duk waɗannan a takarda suke ga mutumin ƙauye, wanda yake ganin neman izinin gini harkar birni ce. Ko wanda ya nemi izini, na ginin farko yake nema. Benen da aka ƙara daga baya, wanda shi ne mai haɗarin, babu wanda ya zana shi, balle a duba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kakanninmu sun san wannan ilimin. Maginin gargajiya ya san iyakar tazarar da azarar giginya za ta iya ɗauka. In ɗaki ya fi haka faɗi, sai ya tayar da baka, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafar rufi, ko ya kafa ginshiƙi, ba ya ce a bar wa sa'a. Yau da muke da ƙarfe da siminti, sai muka ɗauka ƙarfe ba ya gajiya.

Roƙona ga gwamnatocin Kano da Jigawa shi ne sashen ayyuka na kowace ƙaramar hukuma ya zagaya injinan casa da na matsar man gyaɗa kafin kaka ta kama. Kada a mai da shi hanyar karɓar tara, don da zarar an yi haka masu inji za su riƙa ɓoyewa. Injiniya ya duba, ya faɗi inda za a ƙara ginshiƙi, sannan a rubuta da fenti, da Hausa, boko da ajami, adadin buhun da benen zai ɗauka, a kuma ja layi a bango inda lodi zai tsaya. Ɗan dako da bai yi makaranta ba ma zai ga layin, ya samu bakin cewa an wuce. Ƙungiyoyin masu injinan su ma za su iya haɗa kuɗi su ɗauki injiniya guda ya duba musu gaba ɗaya, kuɗin ba zai kai na buhunan da suka fashe a wurin Alhaji ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na bi ta wurin. An mayar da ƙarfen, an liƙe ramin da siminti, buhuna sun koma sama, yara kuma suna zaune a ƙasa suna cin abinci.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga ƙaramar hukumar Kura, jihar Kano