Abin Da Ya Kamata A Duba Idan Jami'ar Amurka Ta Ɗauki Mataimakin Kocin Tsaro

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Muna roƙon ka sammana fili a shafin wasiƙu, mu yi tsokaci kan wani irin labari da ke yawan fitowa tsakanin Disamba da Fabrairu, cewa jami'a kaza a Amurka ta ɗauki sabon mataimakin koci mai kula da tsaro. Galibi layi biyu ake ba shi: sunan mutumin, inda ya baro, sai albashinsa. Mai karatu kuwa yakan ɗauka irin ƙwallon Firimiya ce, inda mataimaki ke zaune a benci yana jiran umarni. Wannan ta daban ce, ita ce wadda ake sa hular kwano a rungumi ƙwallo a ruga da ita, kuma a cikinta mataimakin ne ke koya wa yara aikin da hannunsa. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: abin da ya zo da shi zai koyu a ɗan lokacin da doka ta ba shi, da irin yaran da ya tarar?

Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili, amma masu kai hari daban, masu tsaro daban. Masu hari na da dama huɗu su ci yadi 10. In sun ci a sabunta musu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Masu tsaro sahu uku ne: ƙartan gaba uku ko huɗu da ke gwabzawa a layin farawa, 'yan tsakiya biyu ko uku a bayansu, sai 'yan baya huɗu ko biyar masu bin waɗanda ake jefa wa ƙwallo. Kowane sahu da malaminsa da ɗakin da suke kallon bidiyo, kuma a samansu akwai jagoran tsaro, mai zaɓen tsayuwar da za a yi kafin kowace dama. Shi ma jagoran mataimaki ne a ƙarƙashin babban koci. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta daɗe tana ƙayyade yawan mataimakan. Tara ne, aka mayar da su 10 a Janairun 2018. A Yunin 2024 ta ɗage ƙayyadewar ga masu koyarwa a fili, amma ta bar ta ga masu fita neman sababbin 'yan wasa: babban koci da mutum 10. To ka ga idan an ce an ɗauki mataimaki, sai a fara tambaya ko yana cikin goman nan. Wanda ba ya ciki, komai iliminsa, ba zai je gidan yaro ya zauna da iyayensa ba.

Lokaci shi ne babbar matsala. Yaran nan ɗalibai ne. A kakar wasa doka ta ba koci awa 20 a mako, kada ya wuce huɗu a yini, kuma a ciki ne za a yi atisaye, ɗaga ƙarfe, kallon bidiyo da wasan kansa. Kafin kaka akwai atisayen bazara guda 15 kacal, kuma a takwas kawai aka yarda a kayar da mutum ƙasa. Sai na watan Agusta, daga nan wasanni 12 su biyo baya. Kocin da aka ɗauka a Fabrairu makonni kaɗan gare shi ya san yaransa kafin a fita fili. Wanda aka ɗauka bayan atisayen bazara kuwa, an fafe gora ranar tafiya.

Abin da ke cin lokacin nan shi ne yare. Kowane jagoran tsaro da sunayen da yake kiran dabarunsa, kuma tsayuwa ɗaya tana iya samun suna uku a jami'o'i uku. Yaron da ya shekara biyu yana jin kalma ɗaya ya motsa ba tare da tunani ba, yanzu sai ya tsaya ya fassara. Agogon fara wasa, wato lokacin da ake bayarwa kafin a fara kowace dama, daƙiƙa 40 ne. Tun daga 2024 an yarda koci ya yi magana da ɗan wasa ɗaya ta rediyon cikin hula, wanda ake liƙa wa koren ɗigo, amma layin na yankewa idan saura daƙiƙa 15 ko da zarar an fara. Duk canjin da masu hari suka yi bayan nan, yaran ne za su gane shi su sanar da juna da baki da alamar hannu. Idan ɗan baya na hagu ya ji cewa kowa ya riƙe yankinsa, na dama ya ji kowa ya bi mutuminsa, to akwai mai karɓar ƙwallo ɗaya da zai wuce babu mai binsa. Yawancin dogayen makin da ake ci ba fin ƙarfi ba ne, rashin jin juna ne. Shi ya sa babban koci mai hankali yakan gindaya wa sabon zuwa sharaɗi: kai ka koyi kalmominmu, mutum ɗaya ya fi sauƙin koyo da mutum hamsin.

Na biyu lissafin kafofi. Ƙartan masu hari biyar ne a jere, kafofin da mai gudu zai iya bi tsakaninsu da gefensu shida ne. In an ƙara mutum na shida a gefe su zama bakwai. Dole kowace kafa ta samu mai toshe ta. Idan mai jefa ƙwallon shi ma gwanin gudu ne, an ƙara wa masu tsaro mutum guda da za su lissafa, sai a sauko da ɗaya daga 'yan can baya ya cike. Saukowarsa kuwa na nufin baya ta rage mutum. Aikin jagoran tsaro duka a kan wannan cinikin yake: nawa zan tura gaba, nawa zan bari a baya.

An ga illar wannan ƙarara ranar 26 ga Nuwamban 2022 a Columbus, garin Jami'ar Jihar Ohio. Jami'ar Jihar Ohio ta ɗauko Jim Knowles a matsayin jagoran tsaro daga Jami'ar Jihar Oklahoma a Disamban 2021 kan dala miliyan 1.9 a shekara, da tsarinsa na ƙartan gaba huɗu, 'yan tsakiya biyu, 'yan baya biyar. A wasansu da Jami'ar Michigan a ranar, ya yi ta tura mutane gaba don ya hana gudu. A dama ta uku, cikin kashi na biyu na wasan, aka aika farmaki kan mai jefa ƙwallo, shi kuwa ya yi gajeren jifa gefen layi. Mai tsaro ɗaya ne a wurin, ya kai hannu ya kuskure, bayansa babu kowa: yadi 69 har aka ci maki. Aka sake jefa ta 75, da ta 45, sannan a kashin ƙarshe mai gudu ɗaya ya ratsa sau biyu, yadi 75 da 85. Dama biyar, yadi 349, aka tashi Michigan 45, Ohio 23. Dabarar ba ta banza ba ce, amma tana bukatar yaran da ba sa kuskuren kayarwa kuma sun haddace wa ke rufa wa wa baya, abin da shekarar farko ba ta cika bayarwa. A Oklahoma ma sai a shekararsa ta huɗu tsaron nasa ya kai ƙololuwa. A Ohio sai a ta uku aka ɗauki kofin ƙasa, da suka doke Notre Dame 34 da 23 ranar 20 ga Janairun 2025.

Kwanaki kaɗan bayan nan Jami'ar Jihar Pennsylvania ta saye shi kan dala miliyan 3.1 a shekara, tana neman kofi a kakar nan take. A Oktoba jami'ar UCLA, wadda ba ta ci wasa ko ɗaya ba a lokacin, ta zura musu maki 42, kuma ranar 12 ga watan aka sallami babban koci James Franklin bayan an sha kashi uku a jere. Ba adalci ba ne a ɗora wa tsaro laifin duka, masu hari ma sun gaza. Amma an sayi tsarin da tarihinsa ya nuna yana son shekaru, aka ba shi watanni.

Ita kuwa Ohio sai ta ɗauki Matt Patricia ya maye gurbin Knowles a Fabrairun 2025, kuma da yawa sun yi tsaki. A gasar ƙwararru ta NFL ya jagoranci tsaron New England Patriots daga 2012 zuwa 2017, amma a matsayin babban kocin Detroit Lions wasa 13 ya ci, aka cinye shi 29, ga shi rabonsa da aikin jami'a fiye da shekara 20. Ƙari a kan haka, takwas daga cikin 11 da ke fara wasa a tsaro sun tafi gasar NFL. Abin da masu tsakin ba su duba ba shi ne babban koci Ryan Day bai taɓa malaman sahu ba. Larry Johnson, da ke riƙe da ƙartan gaba tun 2014, yana nan. James Laurinaitis na 'yan tsakiya da Tim Walton na 'yan baya suna nan. Caleb Downs, ɗan bayan da ke tsara tsayuwar sauran a lokacin, shi ma bai tafi ba. Yaran da suka hau gurbin waɗanda suka tafi sun ci gaba da jin muryoyin da suka saba. Wasan farko suka riƙe Texas a maki bakwai, ranar 1 ga Nuwamba kuma suka doke Jihar Pennsylvania, ƙungiyar Knowles a lokacin, 38 da 14. A ganinmu wannan ɗaukar ta fi waccan tsari, ko da yake sunan da aka ɗauka bai kai wancan farin jini ba a lokacin.

Duk da haka wanda ya fito daga NFL akwai abubuwa uku da sai ya sake koya. Layukan da ake ajiye ƙwallo a kansu tazarar ƙafa 40 ce a jami'a, a NFL ƙafa 18 da rabi. Ma'ana a jami'a ƙwallo na iya zama yadi 20 daga layin gefe ɗaya, yadi 33 da ɗoriya daga ɗayan, don haka fili na da faffaɗan gefe da ƙuntataccen gefe, kuma ɗan baya mafi gudu shi ake ba faffaɗan. Sannan a jami'a ƙartan masu hari na iya shiga gaba har yadi uku kafin a yi jifa, a NFL yadi ɗaya. Wannan ya sa ɗan tsakiya ba zai amince da idonsa ba: yana ganin an taso kamar gudu za a yi, ya sauko, a jefa ta bayan kunnensa. Na uku, dukan kai ko wuya da gangan, tun 2013 hukuncinsa yadi 15 ne da kora. Dole malamin sahu ya koyar da kayarwa da kafaɗa, kai a gefe, ido a buɗe, hannu ya naɗe cinya, kuma a waɗancan ranaku takwas na atisayen bazara.

Rabin aikin ma ba a fili yake ba. Kowane mataimaki ana ba shi yankin makarantun sakandare da zai riƙa zagayawa, kuma sau da yawa sanayyarsa da malaman yankin ake saya, ba dabara ba. Tun da aka buɗe rajistar sauya makaranta a 2018, aka kuma sakar wa 'yan wasa mara su sauya ba tare da zaman shekara ba, tafiyar malami kan ja yaransa su bi shi. Kwantiragin mataimaki bai cika wuce shekara biyu ko uku ba, kuma yakan faɗi abin da zai biya in ya tafi da wuri, da abin da za a biya shi in an kori babban kocin. A jami'o'in gwamnati da yawa takardar a buɗe take ga 'yan jarida, a nan ake gane wanda aka ɗauka don zama da wanda aka ɗauka don toshe gurbi.

Wannan ya shafi mutanenmu ta fuska ɗaya. 'Yan Afirka da suka yi fice a wasan da yawansu a sahun gaba na tsaro suke. Amobi Okoye, haifaffen Anambra, ya fito daga Jami'ar Louisville aka zaɓe shi na 10 a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL a 2007 yana da shekara 19. Ezekiel Ansah na Accra bai taɓa buga wasan ba sai 2010 a Jami'ar Brigham Young, amma a 2013 shi ne na biyar. Yaron da ya zo da jiki da gudu amma bai san inda zai ɗora hannu a ƙirjin abokin gwabzawa ba, malamin sahu ne zai yi shi ko ya ɓata shi, babban koci ba shi da wannan lokacin. Iyayen da ɗansu ya samu tayin gurbin karatu ta wannan hanya, su tambayi wane ne malamin sahunsa, shekara nawa ta rage a kwantiraginsa. Sanannen abu ne cewa wasu mataimakan kan jira yara su sa hannu a Disamba ko farkon Fabrairu, sannan a ji sun koma wata jami'a.

Don haka, Malam Edita, idan irin labarin nan ya sake zuwa teburin wasanni, muna roƙon a ƙara masa ko da sakin layi ɗaya: wane sahu mutumin zai riƙe, shi zai riƙa zaɓen tsayuwa ko wani, malamai nawa na da suka rage, kuma ya iso kafin atisayen bazara ko bayansa.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu karatunku, ma'abota ƙwallon jami'o'in Amurka.