Mun Sa Gidan a Kasuwa

Kolumbus, Ohayo

Assalamu alaikum Alhaji Sani,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara da jikoki. Yaya ƙafar taka? Allah ya ƙara sauƙi.

Abin da Bala ya gaya maka gaskiya ne. Mun sa gidan a kasuwa, dillaliya har ta kafa allonta a ƙofa. In Allah ya kai mu watan Mayu, ni da Hajiya Binta za mu tare a motar tafi-da-gidanka, irin wadda ake kira RV a nan. Kamar ina jin muryarka: dattijo da furfurarsa ya sayar da rufin asirinsa ya hau titi! To, ka ji ta bakina tukuna.

A Amurka ba a gama biyan gida. Ko ka sauke bashin banki, harajin gida na nan duk shekara, ga inshora, ga gyaran rufi, ga kwasar dusar ƙanƙara da gadon bayan nan nawa da ya fara ƙara. Yaran kuma sun watse, ɗaya a Teksas, ɗaya a Arizona. Ɗaki huɗu, mu biyu rak. Sauƙin da muka samu shi ne ma'auratan da suka zauna a gidansu shekara 2 cikin 5 na ƙarshe ba sa biyan harajin tarayya a kan ribar da ba ta wuce dala 500,000 ba, mu kuwa ko kusa ba za mu kai can ba.

Motar ta hannu muka saya, don sabuwa tana barin wurin dillali darajarta ke faɗuwa. Akwai gado, murhun gas, ɗan firji, da banɗakin da in ka miƙa hannu ka taɓa bango biyu. A jikin ƙofa an manna takardar da ta faɗi iyakar nauyin da za ta ɗauka, kuma ruwan tanki ma a cikin lissafin yake, kowace lita kilo guda. Nan rigima ta tashi. Hajiya ta jera tukwanenta a tsakiyar falo tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye wannan, ta dawo ta ɗauke. Turmin da ta zo da shi daga Zariya kuwa ta ce ko ni za a bari, shi zai tafi. Littattafaina ne suka biya kuɗin sulhu, na kai yawancinsu masallaci.

Tankunan uku ne: na ruwan sha, na ruwan wanke-wanke, da na bayan gida. Wannan na ƙarshen da hannunka za ka ja mesa ka zubar a wurin da aka tanada. Kada ka ba 'yan majalisarmu wannan labarin, don Allah.

Abin da ya fi ba ni aiki shi ne adireshi. A ƙasar nan lasin tuƙi, rajistar mota, banki, inshorar lafiya, katin zaɓe, duk a adireshi suke rataye. Shi ya sa masu wannan rayuwa suke zaɓen Teksas ko Fulorida ko Dakota ta Kudu a matsayin jiharsu, don ba sa karɓar harajin kuɗin shiga. Mu Teksas za mu yi saboda jikoki. Akwai kamfanonin da ke ba ka adireshi, su karɓi wasiƙunka, su tura maka duk inda ka yada zango.

Wurin kwana ba matsala. A yammacin ƙasar akwai filayen gwamnatin tarayya da ake sauka kyauta, galibi har kwana 14, sannan ka matsa gaba. Da sanyi ya shigo kuma jama'a kan gangara Quartzsite, wani ɗan ƙauye a hamadar Arizona da motoci ke cika shi maƙil a watan Janairu. Na kuma karɓi katin dattawa na dala 80, wanda ke shigar da mai shekara 62 gandayen shaƙatawa na gwamnatin tarayya har ƙarshen rayuwarsa.

Na san salla za ka fara tambaya. Mun zauna da liman, muka tsaya a kan abin da muka tashi da shi na Malikiyya: in mun yi niyyar zaman kwana huɗu mu cika, in ba haka ba mu yi ƙasaru. Alƙibla ce za a riƙa nema duk sauka, tunda yau tana wajen firji, gobe tana wajen sitiyari. Hanyarmu ma da Juma'a muke tsara ta, da inda za a samu naman halal a cika firji.

Filina na Zariya yana nan, kada ka saurari mai cewa shi ma na sayarwa ne. In Bala zai taso, a haɗo shi da kuka da daddawa, amma ya iso kafin ƙarshen Afrilu, don daga nan wannan adireshin ya tashi aiki.

Ka gaida Hajiya da mutanen majalisa.

Naka,
Garba