Zuwa Ga Ɗana, Kafin Ka Rufe Shafukanka

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mahaifiyarka ta ce wai kana shirin rufe duk shafukanka na sada zumunta saboda suna cinye maka lokaci, ga shi kuma kana neman aiki. Batun cin lokaci ka yi gaskiya. Amma ka ɗan dakata ka ji ta bakina tukuna, don ina ganin za ka zubar da abin da ya fi amfani a cikinsu.

A 1973 wani masanin zamantakewa a Amurka, Mark Granovetter, ya fitar da sakamakon binciken da ya yi kan mutanen da suka sauya aiki. Ya tambaye su ta bakin wa suka ji labarin gurbin. Cikin waɗanda wani ya yi musu hanya, akasari ba aminansu ne suka yi ba, mutane ne da suke haɗuwa da su jifa-jifa. Dalilin a fili yake in ka yi tunani. Amininka mutanenku ɗaya, labarin da ya ji kai ma ka ji. Tsohon ɗan ajinku da ya bi wani fanni, ko wanda kuka taɓa zama kusa a wani taron bita, shi ne kunnensa ke kaiwa inda naka bai kai ba. A 2022 mujallar Science ta buga wani binciken da aka yi da bayanan mutum kimanin miliyan 20 masu amfani da LinkedIn, wato shafin sada zumunta na ma'aikata da masu neman aiki, aka sake ganin haka: sanin da bai yi zurfi sosai ba, bai kuma zama na sama-sama ba, shi ya fi kai mutum ga sabon aiki. A zamaninmu irin waɗannan mutane ɓacewa suke yi, in adireshi ya canza shi ke nan. Kai kuwa suna nan cikin wayarka.

Sai dai samun su a waya daban, iya zama da su daban. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mutum ya yi shiru shekaru, ranar da buƙata ta taso ya turo "Salam" kawai, ya zauna yana jiran a amsa kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi. Wanda ke da aiki a gabansa zai gani, ya ce bari anjima, anjimar kuma ba ta zuwa. In za ka rubuta wa wanda ya girme ka a sana'a, ka yi sallama, ka faɗi sunanka da inda kuka san juna, ka yi tambaya ɗaya wadda zai iya amsawa cikin minti biyu. Misali: "Na karanta abin da ka rubuta kan duba asusun ƙananan kamfanoni. Ina shirin shiga fannin, wace takardar ƙwarewa kake ganin ya kamata in fara da ita?" Wannan yana da amsa. "Yallaɓai a taimaka mini da aiki" kuwa nauyi ka ɗora masa, ba ka ba shi inda zai kama ba. Kada ka liƙa takardunka a saƙon farko sai ya nema. In ya ba ka shawara ka bi, ka koma ka gaya masa yadda ta kaya. Mutane kaɗan ne ke yin wannan, shi ya sa ba a mantawa da mai yi.

Kafin ya amsa maka kuma, zai leƙa shafinka. Nan ne matsalar take, domin a zahiri yadda kake magana da abokanka daban, da goggonka daban, da shugabanka a wurin aiki daban, amma shafi guda ya tara su duka suna kallonka lokaci ɗaya. Facebook yana ba ka damar zaɓen waɗanda za su ga rubutunka, ka yi amfani da hakan. Sai dai ka sani duk wanda ya gani zai iya ɗaukar hoton allon ya tura inda ya ga dama, gogewar da za ka yi daga baya ba ta kai can. Magana zarar bunu ce. In ka samu aikin, kada in ga hoton katin shaidarka, ko teburinka da takardun ofis a buɗe a kai, ko habaici ga wanda kake ƙarƙashinsa. Shi habaicin kowa yana gane wanda ake nufi, har da shi.

Cacar baki da baƙi ma ka rage. Waɗannan kamfanoni da talla suke samun kuɗi, tallar kuma tana bin tsawon zaman da ka yi kana kallo, shi ya sa abin da ke tunzura mutane yake yawan tasowa sama. Microsoft ya sayi LinkedIn a 2016 a kan dala biliyan 26 da 'yan kai, alhali kai kyauta ka buɗe shafi. Bayanan mutane da hankalinsu aka saya. A 2018 kuma aka gano Cambridge Analytica, wani kamfani mai yi wa 'yan siyasa aikin yaƙin neman zaɓe, ya samu bayanan masu Facebook da yawansu zai iya kaiwa miliyan 87, yawancinsu ba su sani ba. Don haka ranar haihuwarka, lambar wayarka da inda kake zaune ba dole ne su fito fili ba.

Mai neman aiki shi 'yan damfara suka fi so. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom ko na tantancewa ta asusun wani mutum kafin a ɗauke ka, rabu da shi. Lambobi shida da WhatsApp ke turo maka ta saƙo, kada ka ba kowa, ko da sunan abokinka ne ya bayyana, don wataƙila an riga an ƙwace nasa shafin. Ka kunna matakin tsaro na biyu, wato ƙarin lambar da ake nema kafin a shiga shafinka, a kowane shafi yau ɗin nan.

Saura 'yan'uwa. Facebook yana barin mutum ya tara abokai har 5,000, amma Robin Dunbar, masani a Ingila, ya kiyasta cewa waɗanda mutum zai iya riƙe hulɗa ta gaske da su ba su wuce 150 da yawa ba, na jiki kuma 'yan ƙalilan ne a ciki. Su waɗannan danna alamar so a ƙarƙashin hotonsu bai isa ba. In ka ga wani a cikinsu ya rubuta cewa ba shi da lafiya ko an yi masa rasuwa, ka kira shi ya ji muryarka, in da hali ka taka ka je. Yayarka ta ce kana ganin duk abin da ta saka, amma rabon da ka buga mata waya ta manta. Ba ta ce in gaya maka ba.

Shawarata, ka cire manhajojin da ke ja maka zaman banza daga wayar, ka bar shafukan a buɗe, ka riƙa shiga ta kwamfuta a lokacin da ka tsayar. Ka gyara bayananka na LinkedIn, ka sa hoto na kamala, ka turo mini in duba maka rubutun.

Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya sa a dace.

Mahaifinka.