Takardar Koke Zuwa ga Majalisar Garin Todmorden Kan Shirin Ambaliya da Sababbin Mazauna

Zuwa ga Mai Girma Magajin Gari da Kansilolin Majalisar Garin Todmorden,
Kwafi zuwa ga Majalisar Ƙaramar Hukumar Calderdale, Halifax.

Masu girma, ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu mazauna Todmorden masu magana da Hausa, tare da maƙwabtanmu da suka sa hannu, muna gabatar muku da wannan koke. Mun rubuta shi da harshenmu domin kowane mai sa hannu ya san abin da ya sa wa hannu, kuma kwafin Turanci yana haɗe da shi.

Akasarinmu ba mu daɗe a wannan kwari na kogin Calder ba. Da yawa sun zo ne bayan 2022, lokacin da gwamnatin Birtaniya ta buɗe bizar aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya. Akwai ma'aikatan jinya a cikinmu, akwai ɗalibai, akwai masu shiga jirgin ƙasa kullum zuwa aiki a Manchester ko Rochdale ko Halifax. Muna biyan harajin gida kamar kowa, 'ya'yanmu suna makarantun garin nan, ranar kasuwa kuma za ku gan mu da jakunkunanmu. Garin ya karɓe mu da hannu bibbiyu, kuma ba mu manta ba. Wanda ya ga kayan lambun da 'yan ƙungiyar Incredible Edible suke shukawa a bakin hanya tun 2008, kowa ya tsinka ba tare da an tambaye shi ko shi wane ne ba, ya san irin mutanen da ya zo ya tarar.

Abin da ya kawo mu gabanku shi ne ruwa. Roƙonmu ɗaya ne: a sa mu cikin shirin ambaliya na garin nan kafin hunturu ya shigo, domin a yanzu wasu daga cikin masu kwana a gidajen da ruwa ya fi saurin shiga su ne waɗanda ba su da labarin haɗarin.

Ku kun san tarihin fiye da mu. Kun ga ambaliyar watan Yuni na 2012, kun ga ruwan da ya gangaro wa ƙauyen Walsden a Yulin 2013. Kun ga washegarin Kirsimeti, 26 ga Disamba 2015, ranar da ruwa ya shiga gidaje fiye da 2,000 a faɗin Calderdale, har gadar Elland ta lalace aka rufe ta. Kun sake gani a Fabrairun 2020 da guguwar Ciara ta zo. Duk ɗan garin da ya wuce shekara goma sha biyar yana da labarin da zai bayar. Ya san inda ake kashe wuta da gas, ya san abin da ake ɗorawa sama, ya san titin da ba a bi idan an wuni ana ruwa. Wannan sani gado ne da ake samu ta hanyar zama. Wanda ya sauka daga jirgi bara ba shi da shi, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin ba shi.

Kada a ce ba mu san ambaliya ba. Cikinmu akwai waɗanda danginsu suka rasa komai a Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Amma abin da muka sani ruwan damina ne, na Agusta da Satumba. A nan babu damina da rani, ruwa yana iya zuwa a Yuni, yana iya zuwa a tsakiyar Disamba cikin duhu da sanyi. Garin kuma yana zaune ne a mahaɗar kwaruruka uku masu tsayin gefe, ta hanyar Burnley, ta hanyar Rochdale, ta hanyar Halifax. Duk abin da ya sauka a kan tsaunuka gangarowa yake yi kamar an zuba shi a mazurari, ya haɗu a kogin Calder da rafin Walsden. Cikin 'yan sa'o'i, wani lokaci ƙasa da haka, titin da ka bi da safe ya zama kogi. Mutumin da ya saba ganin ruwa yana ƙaruwa kwana da kwanaki kafin ya iso ƙofa zai yi zaton yana da lokaci, alhali ba shi da shi.

Ga inda abin ya fi damun mu. Sabon zuwa gidan da kuɗinsa ya kai yake kamawa, gidajen haya masu sauƙi kuwa da yawansu suna ƙasan kwari ne, jere-jeren tsofaffin gidajen dutse da aka gina wa ma'aikatan masaƙu, kusa da kogi ko hanyar ruwan da aka haƙa wa jiragen ruwa, wato Rochdale Canal. Yawancinsu suna da ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ɗan gari ya san ba a ajiye abin kirki a can. Mu kuwa ganin fili muka yi, sai muka mayar da shi sito. Ku shiga gidajenmu ku gani: buhun shinkafa, garin tuwo, jarkar manja, firiza cike da naman da aka sayo daga Bradford don ya kai wata, akwatunan kayan sallah, wani har da takardun makaranta da na haihuwar yara. A bangon ɗakin kuma, daidai ƙirjin mutum, akwai wani layi mai ruwan ƙasa da fenti bai gama rufewa ba. Da yawanmu mun yi watanni muna wuce wannan layi ba mu san shaidar inda ruwa ya tsaya ba ce.

Wata 'yar'uwarmu ta tarar da ƙarafa biyu masu tsaga a gefen ƙofar gidanta, ɗaya dama ɗaya hagu. Ta ɗauka na shingen hana yara fita ne. Sai da wata dattijuwa maƙwabciyarta ta ce mata nan ake zura allon tare ruwa, ta tambaye ta ina allon yake. Babu shi a gidan. Wanda ya ba ta haya bai ambaci allon ba, bai ambaci ruwa ba, kuma har yau ba a kawo mata wani ba. Mun san bayan 2015 gwamnati ta ba da tallafin da ya kai fam 5,000 ga gida domin irin waɗannan kayan kariya. Abin takaici ne a ce an kashe kuɗin jama'a an sa su, sannan mai haya na gaba ya shigo bai san amfaninsu ba.

Sai maganar jiniya. Hukumar Kula da Muhalli tana da jiniyoyin gargaɗi a wannan kwari, kuma ana gwada su lokaci zuwa lokaci. Idan ta yi kuka, ɗan gari ya san ko gwaji ne ko gaske, domin ya gani a jaridar Todmorden News ko a shafin unguwa na Facebook. Mu ba nan muke samun labari ba. Labarinmu yana yawo ne a WhatsApp, a masallaci bayan Juma'a, a coci ga 'yan'uwanmu Kirista, da ɗakin hutu a wurin aiki. An yi ranar gwaji da wasu iyaye mata suka kwashi yara suka fito titi a firgice. Abin da muka fi tsoro shi ne akasin haka: wanda aka taɓa ce wa gwaji ne, ranar gaske ya gyara kwanciya.

Ku tuna kuma da irin aikinmu. Mai aikin dare a gidan tsofaffi yana fita da yamma, ba ya dawowa sai gari ya waye, kuma ba zai bar mutanen da aka ba shi amana ya taho ba ko da ya ji ruwa yana shiga gidansa. A gida an bar matarsa da jariri, ko miji da yara uku, ko kaka da ta zo ziyara ba ta jin Turanci. Masu bi gida-gida suna kula da tsofaffi kuwa a mota suke yawo daga Cornholme zuwa Walsden, kuma idan an ce wata tsohuwa tana jiran maganinta, za su kutsa cikin ruwa don kada su saɓa. Hukumar Kula da Muhalli ta sha faɗa cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 30 yana iya tafiya da mota. Direbobinmu da yawa ba su taɓa jin wannan ba.

Mun fahimci cewa ba komai ne ke hannunku ba. Manyan koguna da gargaɗi na Hukumar Kula da Muhalli ne. Ruwan da ke kwanciya a tituna da magudanan gefen hanya na Calderdale ne, wadda dokar ambaliya ta 2010 ta ɗora wa jagorancin sha'anin ambaliya a yankinta. Amma ku ne mafi kusa da mu, ku ne muke haɗuwa da ku a kasuwa, kuma muryarku tana isa inda tamu ba ta isa.

Don haka muna roƙon a shirya zama ɗaya a Babban Ɗakin Taro na Gari kafin ƙarshen kaka, a gayyato jami'an ambaliya da 'yan sa-kai masu sa ido a unguwanni, a yi wa sababbin mazauna bayani, ba mu kaɗai ba, har da duk wanda ya zo daga wata ƙasa ko wani gari. A sa shi a lokacin da masu aikin dare za su iya zuwa, ko a yi shi sau biyu. A wurin a taimaka wa kowa ya yi rajistar saƙon gargaɗi na kyauta a wayarsa, a bayyana bambancin matakan gargaɗin uku, a nuna yadda ake duba haɗarin gida da lambar unguwa, a kuma nuna shafin intanet na Eye on Calderdale mai bayanin ambaliya. A gaya wa iyaye cewa filin shaƙatawa na Centre Vale an tsara shi ne ya riƙe ruwa idan kogi ya cika, ba wurin kai yara kallo ba ne a ranar, kuma ruwan ambaliya yana gauraye da na masai.

Muna roƙon a buga takarda mai shafi ɗaya, da Turanci mai sauƙi da hotuna, a ajiye a laburare, da asibitin unguwa, da makarantu, da wuraren ibada. Fassarar Hausa mu za mu yi, kyauta, kuma muna da abokan aiki masu Yarbanci da Ibo da wasu harsuna da suka ce za su yi nasu. Ranar gwajin jiniya kuma a turo wa mutum biyu daga cikinmu sanarwa, su za su yaɗa.

Abin da ya fi nauyi shi ne na masu gidaje da dillalan haya. Muna roƙon Majalisa ta rubuta musu, ta nemi duk mai ba da haya a ƙasan kwari ya faɗa wa mai shiga, a rubuce, ko ruwa ya taɓa shiga gidan, ya nuna masa makashin wuta da gas, ya miƙa masa allon ƙofa tare da makulli. A kuma sanar da masu haya cewa inshorar mai gida ba ta biyan kayan ɗan haya. Da yawanmu ba su san haka ba, kamar yadda ba su san da tsarin Flood Re da aka fara a 2016 ba, wanda ke sauƙaƙa kuɗin inshora a wuraren ambaliya ga gidajen da aka gina kafin 2009, kuma tsofaffin gidajen da muke ciki sun girmi wannan shekara nesa ba kusa ba.

Magudanan gefen titi kuma, a taimaka a matsa a yashe su da zarar ganye ya fara zuba. Za mu riƙa kai rahoton duk wanda muka ga ya toshe idan an nuna mana inda ake kaiwa.

Ba hannu rabbana muka zo ba. Akwai matasa a cikinmu da suke son a horar da su su shiga cikin 'yan sa-kai na unguwanni. Akwai masu jinya da suka iya ɗaga tsoho daga gado ba tare da an ji masa ciwo ba, kuma ranar da za a kwashe mutane wannan hannu ne da za a nema. Mun ji aikin da ƙungiyar Slow the Flow take yi a dazuzzukan Hardcastle Crags, inda ake jera gungume a ƙananan rafuka don rage wa ruwa gudu kafin ya isa garin Hebden Bridge, kuma muna son a haɗa mu da su mu ba da ranakun hutunmu.

Muna roƙon a sa wannan koke cikin ajandar zaman Majalisa na gaba, a ba wakilanmu biyu, mace da namiji, damar yin magana, a kuma ba mu amsa a rubuce kan ranar da za a yi taron bayanin.

Allah ya taya ku riƙo, ya kiyaye garin nan da mutanensa.

Mu ne naku,
Mazauna Todmorden masu magana da Hausa da maƙwabtansu.
Sunaye da sa hannu suna a takardar da ke haɗe.